Daga Filin Minecraft Zuwa Kyamarar Ƙofar Gida: Harin Mirai na 2016 da Batun Alhakin Tsaron Na'urorin Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Mirai, manhajar ɓarnar da ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da rautoci da na'urorin naɗar hoto a shekarar 2016, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan dandalolin intanet a Amurka da Turai, da kuma wani kamfanin sadarwa a Laberiya. Maƙalar ta nuna cewa rigimar ta samo asali ne daga gasar neman kuɗi a kasuwar wasannin bidiyo, kuma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne na'urorin gida masu araha da aka sayar da kalmar sirri iri ɗaya. Hujjar maƙalar ita ce, tunda mai ƙera na'urar da mai sayenta duk ba su ne ke ɗanɗana kuɗar ɓarnar ba, wa'azi ga mai saye kaɗai ba zai magance matsalar ba. Dole nauyin ya koma kan maƙeri da mai shigo da kaya da mai haɗawa.

1.0 Gabatarwa



Mun saba ɗaukar wasan bidiyo a matsayin harkar yara. Dandalolin intanet kuma mu bar su ga 'yan jarida da masu nazarin sadarwa, kyamarar tsaro da rauta mu ce aikin masu gyaran lantarki ne. Abin da ya faru ranar Juma'a 21 ga Oktoba, 2016 ya haɗa waɗannan abubuwa uku a igiya ɗaya. A ranar, mutane da dama a gabashin Amurka sun wayi gari ba sa iya shiga Twitter da Netflix da Spotify da Reddit da PayPal. Kamfanonin nan lafiyarsu ƙalau. Wanda aka buga shi ne Dyn, wani kamfani a jihar New Hampshire da yawancin jama'a ba su taɓa jin sunansa ba, wanda aikinsa a lokacin shi ne riƙe kundin DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshin da kwamfuta ke ganewa. Idan kundin ya daina amsawa, shafin yana nan amma babu mai nuna hanyar zuwa gare shi.

A kwanakin farko an yi ta raɗe-raɗin cewa wata ƙasa ce ke gwada ƙwanjinta, musamman da yake saura ƙasa da mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Bincike ya nuna akasin haka. Makamin matasa ne suka ƙera shi, kuma kasuwar wasa suke hari.

2.0 Kasuwar da ta haifi Mirai

Minecraft wasa ne na gini da tubala wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya fitar da cikakkensa a 2011, Microsoft kuma ta saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 2.5. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne, wasan ya bai wa kowa damar buɗe nasa filin, wato ya tanadi uwar garke, babbar kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, ya riƙa sayar musu da matsayi da kayan ado na cikin wasan. Filin da ya karɓu yana iya kawo wa mai shi dubban daloli a wata. Ɗan wasa kuwa ba shi da haƙuri: filin ya tsaya na awa guda, ya koma na maƙwabci, kuma ba lallai ya dawo ba.

A nan harin cunkoso ya samu kasuwa. Harin cunkoso, wanda masana ke taƙaita sunansa da DDoS, shi ne a sa dubban na'urori su riƙa aika wa kwamfuta ɗaya buƙatun banza a lokaci guda, har ta kasa amsa masu buƙatar gaskiya. Mai fili yakan yi hayar masu kai irin wannan hari su rufe filin abokin hamayyarsa. Daga nan sana'a ta biyu ta taso, ta masu sayar da kariya daga harin. Ba a daɗe ba wasu suka gane cewa mutum ɗaya zai iya riƙe sana'o'in biyu: ya buga ka da dare, da safe ya zo ya tallata maka kariya.

Wannan ba a kan Minecraft ya fara ba. Ranar Kirsimeti ta 2014 wata ƙungiya mai suna Lizard Squad ta durƙusar da PlayStation Network da Xbox Live, a daidai ranar da miliyoyin yara ke buɗe sababbin na'urorin wasa. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar ta fara sayar da hidimar kai hari ga duk mai kuɗi, kuma ɗan jarida Brian Krebs ya gano cewa hidimar tana gudana ne a kan rautocin gidajen mutane da aka yi wa kutse. Ke nan shekara biyu kafin Mirai an riga an ga alama.

A lokacin Paras Jha ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Rutgers da ke New Jersey, kuma shi da Josiah White suna da ɗan kamfanin kariya mai suna ProTraf Solutions, wanda masu filayen Minecraft ke cikin manyan abokan cinikinsa. Su biyun, tare da Dalton Norman, su ne suka ƙera Mirai a tsakiyar 2016. Dukkansu a lokacin shekarunsu na wajen ashirin.

3.0 Yadda manhajar ke aiki

Zan ɗan tsaya a nan, domin hujjar maƙalar a kan wannan sashe ta dogara.

Mirai ba ta fasa wani tsaro mai wuya ba. Na'urar da ta kamu takan riƙa zaɓar adireshin intanet barkatai tana ƙwanƙwasa ƙofar Telnet, wata tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa wadda ke amfani da ƙofa mai lamba 23 ko 2323. Idan aka amsa, sai ta gwada suna da kalmar sirri daga cikin jerin kusan 60 da aka rubuta a cikinta, irin su admin da admin, ko root da 12345. Waɗannan su ne kalmomin da kamfanoni ke fito da na'urorinsu da su daga masana'anta. Misalin abin shi ne maƙerin da ya ƙera kwaɗo dubu ɗari, duk mabuɗi ɗaya ke buɗe su, sannan ya buga hoton mabuɗin a takardar da ke cikin kwali. Da zarar ƙofa ta buɗe, sai a aika labari ga kwamfutar masu manhajar, su ɗora wa na'urar kwafin Mirai, ita ma ta shiga farauta tana jiran umarni.

Manhajar tana da wasu halaye da ya kamata a lura da su. Idan ta shiga, takan kashe duk wata manhajar ɓarna da ta riga ta zama a ciki, ta kuma rufe ƙofar da ta bi don kada wani ya biyo sawunta. An kuma rubuta mata jerin adiresoshin da za ta kauce musu, ciki har da na Ma'aikatar Tsaron Amurka da na hukumar gidan waya, alamar cewa masu ita sun san inda tsokana ke jawo bincike. Sannan ba ta zama a ma'ajiyar dindindin ta na'ura. A kashe kyamara a kunna, ta fita. Amma in ba a sauya kalmar sirri ba, cikin 'yan mintoci wata na'urar za ta sake ƙwanƙwasawa.

Wani ayarin manazarta daga jami'o'i da kamfanoni, ciki har da Google da Akamai da Cloudflare, ya gabatar da cikakken nazari a taron tsaro na USENIX a 2017. Sun gano cewa Mirai ta fara yaɗuwa ranar 1 ga Agusta, 2016, ta kama na'urori kusan 65,000 cikin awa 20 na farko, ta daidaita tsakanin 200,000 zuwa 300,000, a ƙololuwarta kuma ta kai kimanin 600,000. Ƙasashen da na'urorinsu suka fi kamuwa su ne Barazil da Kolombiya da Biyetnam. Wannan jeri yana da ma'ana a gare mu: ƙasashe ne da intanet ke bazuwa cikin sauri, kuma kaya masu araha ne suka fi tafiya a kasuwanninsu.

Abu mafi muhimmanci shi ne halin mai na'urar. Kyamararsa na ci gaba da nuna masa ƙofar gida a wayarsa. Rautarsa na ba shi intanet, sai dai ɗan nauyi da zai ɗora wa kamfanin sadarwa laifinsa. Babu abin da zai sa ya yi zargin cewa kayan da ya saya da kuɗinsa na cikin rundunar da ke rufe kasuwancin wani a wata nahiya. Wasu na'urorin ma ko ya so gyarawa ba zai iya ba. A cikin jerin Mirai akwai root da xc3511, kalmar da aka dasa a cikin allunan kyamara da na'urar naɗa na kamfanin Hangzhou Xiongmai na ƙasar Sin. Kamfanin yana sayar da allunan ga wasu kamfanoni masu yawa da ke liƙa nasu sunan a kai. Mai saye zai iya sauya kalmar da yake shiga shafin kyamarar da ita, amma waccan ta ƙofar Telnet tana nan, bai ma san da ita ba. Bayan harin Dyn kamfanin ya sanar da janye wasu kayansa daga kasuwar Amurka.

4.0 Daga Krebs zuwa Dyn

A watan Satumba na 2016 aka yi amfani da Mirai aka kai wa shafin Brian Krebs hari mai ƙarfin kusan gigabit 620 a daƙiƙa, jim kaɗan bayan ya tona asirin wata hidimar hayar hari mai suna vDOS. Akamai, wadda ke ba shi kariya kyauta, ta janye domin nauyin ya fara barazana ga abokan cinikinta masu biya, sai Google ta ɗauke shi a ƙarƙashin shirinta na Project Shield. A watan dai aka buga OVH, babban kamfanin ajiyar shafuka na Faransa, da abin da ya kusa terabit ɗaya a daƙiƙa. OVH na cikin masu bai wa filayen Minecraft kariya.

Da masu Mirai suka ga idon hukuma ya juyo, a ƙarshen Satumba Jha ya saki asalin rubutun manhajar a dandalin Hackforums da sunan ɓoye Anna-senpai. Dabarar ita ce, idan kowa na da kwafi, samun kwafi a kwamfutarka ba zai zama shaida ba. A ganina wannan ne mataki mafi muni a labarin gaba ɗaya, domin daga ranar duk wanda ya iya bin umarnin da aka rubuta ya mallaki makamin.

Harin Dyn ba su ukun suka kai shi ba. A Disamba 2020 wani da bai kai shekarun balaga a doka ba lokacin harin ya amsa laifi a kotun tarayya a New Hampshire, kuma takardun shari'ar sun nuna cewa dandalin PlayStation na Sony aka nufa. Dyn ta faɗa ciki ne saboda tana cikin masu riƙe wa Sony kundin adireshi. Twitter da PayPal da sauran, tsautsayi ne ya rutsa da su a faɗan da ba nasu ba.

Su kuwa Jha da White da Norman, jami'an FBI na ofishin Anchorage a Alaska ne suka bi sawunsu, suka amsa laifi a Disamba 2017. A Satumba 2018 aka yanke musu shekara 5 na zaman sa ido, da awa 2,500 na hidimar al'umma, da biyan dala 127,000, maimakon ɗauri, saboda taimakon da suka bai wa hukuma a wasu bincike. A wata shari'ar daban, an umarci Jha ya biya dala miliyan 8.6 kan hare-haren da ya kai wa jami'arsa.

5.0 Laberiya

Wannan ɓangare ya fi kusa da mu, kuma shi aka fi tsallakewa idan ana ba da labarin. Daniel Kaye, ɗan Birtaniya, wani babban ma'aikacin kamfanin sadarwa na Cellcom ne ya yi hayarsa ya gurgunta abokin hamayyarsu Lonestar Cell MTN a Laberiya. Kaye ya gina tasa rundunar da rubutun Mirai. A Nuwamba 2016 hare-haren suka yi tsananin da ya shafi intanet ɗin ƙasar baki ɗaya, kasancewar a lokacin Laberiya ta dogara ne da igiyar ƙarƙashin teku guda ɗaya mai suna ACE. A ƙarshen watan, ƙoƙarinsa na ƙara wa rundunar yawa ya tsayar da rautoci kusan 900,000 na abokan cinikin Deutsche Telekom a Jamus. An kama shi a filin jirgin Luton a Fabrairu 2017, kuma a Janairu 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32.

Abin lura shi ne, dabarar da aka goge a rigimar filayen wasa ita ce aka ɗauko ba tare da sauyi ba aka yi gasar kasuwanci da ita a Afirka ta Yamma. Kuma hari ɗaya ba ya yin ɓarna ɗaya a ko'ina. Inda hanyoyi suke da yawa, akan karkatar da zirga-zirga cikin awoyi. Inda hanya ɗaya ce, kowa ya tsaya. Wanda ya ga yadda manhajojin banki da hada-hadar POS suka yi ta cijewa a Nijeriya ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ya san abin da katsewar intanet ke nufi ga mai shago. Wancan haɗari ne ba hari ba, amma raɗaɗin ɗaya ne.

6.0 Wa ke da alhaki?

Shawarar da aka fi maimaitawa bayan 2016 ita ce kowa ya sauya kalmar sirrinsa. Shawara ce mai kyau, amma ba ta isa ba, saboda dalilan da suka gabata: mai na'urar bai ga matsala ba, wata ƙofar ba a hannunsa take ba, kuma wanda ya cutu yana can wata ƙasa. Masanin tsaro Bruce Schneier ya shaida wa majalisar dokokin Amurka a Nuwamba 2016 cewa kasuwa ba za ta gyara wannan da kanta ba, domin mai saye da mai sayarwa duk ba su damu ba. Na yarda da shi. Dokokin da suka biyo baya ma wannan hanya suka bi. Dokar jihar Kalifoniya mai lamba SB-327, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, ta wajabta kowace na'ura ta zo da kalmarta ta daban, ko ta tilasta wa mai ita ya zaɓi sabuwa a kunnawar farko. Dokar Birtaniya da ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu, 2024 ta ƙara sharuɗɗa biyu: kamfani ya bayyana inda za a kai masa rahoton rauni, ya kuma faɗi tsawon lokacin da zai ci gaba da aiko da gyara. Tarayyar Turai ta yi tata dokar, wadda manyan tanade-tanadenta za su fara aiki a Disamba 2027.

Damuwata ita ce inda kayan da aka kora daga waɗannan kasuwanni za su nufa. Masana'anta ba ta zubar da allunan da ta riga ta ƙera, takan nemi kasuwar da ba a tambaya.

Sannan akwai wani mutum da dokokin Turai ba su cika lissafawa da shi ba, alhali a wurinmu shi ne ginshiƙi: mai haɗawa. Magidanci a Kano ko Maraɗi ba ya buɗe kwali ya karanta takarda. Yakan kira yaron da ya iya aikin, ya sayo kyamara huɗu da na'urar naɗa, ya ja waya ta saman katanga, ya karɓi wayar maigida ya sauke manhaja, ya haska lambar da ke jikin na'urar, hoton ƙofar gida ya bayyana. Maigida ya ce madalla, ya biya. Sau da yawa kalmar sirrin ko dai an bar ta yadda ta zo, ko kuma mai haɗawar ya sa wadda yake sa wa kowa don kada a riƙa kiransa an manta. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa nuna masa cewa wannan ma cikin aikin yake. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan batun ya wuce harin cunkoso ya taɓa mutunci, domin kyamarar da baƙo zai iya sa ta kai hari, zai iya kallon abin da take kallo. A 2014 shafin Insecam ya jera hotunan kai-tsaye daga kyamarori sama da 70,000 da aka bari da kalmar masana'anta. A al'ummar da ake rubuta "ba a shiga" a bakin zaure, kyamarar da ke kallon tsakar gida ba ƙaramar amana ba ce.

Gaskiya ne akwai abubuwa biyu da ke rage mana haɗarin ba da shirinmu ba. Yawancin masu amfani da layin waya suna raba adireshin intanet ɗaya da mutane masu yawa, don haka ba a iya ƙwanƙwasa musu ƙofa kai-tsaye daga waje. Ɗauke wuta kuma yana share Mirai daga na'ura. Sai dai duka biyun suna raguwa. Sola da inbata sun sa kyamara na kwana a kunne, kuma hanyar da ke kawo hoto cikin wayar maigida ta uwar garken kamfanin take bi, ta zagaye waccan kariya. A 2018 kamfanin bincike na SEC Consult ya nuna cewa irin wannan hanya ta Xiongmai, mai suna XMEye, tana da raunin da ya shafi miliyoyin na'urori.

Nijeriya ba ta rasa ƙofofin da za a bi ba. Hukumar NCC na da ikon tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, hukumar SON na da tsarin SONCAP na duba kayan da ake shigowa da su, kuma akwai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Shawarata ita ce sharuɗɗan nan uku na Birtaniya su zama abin da ake dubawa a waɗannan ƙofofi, domin gwada su ba ya buƙatar babban ɗakin bincike: a kunna na'ura a ga ko ta tilasta sauya kalma. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya, irin na Farm Centre a Kano, su ne suka fi dacewa da horar da masu haɗawa, da Hausa, kan rufe Telnet da bai wa kowane gida kalmarsa da miƙa ta ga maigida a rubuce. Ga sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu kuma akwai aikin da ɗalibin digiri na biyu zai iya kammalawa cikin zango biyu: ya sayo samfurin kyamarori da rautocin da suka fi tafiya a kasuwa ɗaya, ya gwada su da jerin kalmomin Mirai a ɗakin gwaji, ya kuma zauna da masu haɗawa ya ji yadda suke zaɓar kalmar sirri da wanda ke riƙe ta bayan an gama aiki.